Ragon da Ya Sha Ingilishi

"Gajiya ta bi lahiya, ango. Zamna, na haɗa maka magani."

Tsahara ke nan take tarbar jikanta Fa'izu a gidanta na Dogarawa. Fa'izu ya yi lakwal, wato makarantar boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Sai dai Alhaji Na'Allah mai fataucin albasa ya ce ba zai ɗauke shi aiki ba sai ya iya ciniki da mutanen Gana ta waya, da Ingilishi, kuma ranar kasuwa zai gwada shi. Karatun kam yana kai, amma da an ce ya buɗe baki gaban mutane sai harshe ya ƙage. Abin yana damunsa ƙwarai. Jiya ya manta littafinsa na koyon Ingilishi a gidan.

"Wane magani, tsohuwa? Littahina naz zo ɗauka."

"Shi ɗin na. Na jiƙa shi ga ƙwarya tun da sahe. Tun damana kaka kallon baƙaƙe ba su shiga ba. Abin da aka so shi zamna ga ciki, wanke shi a kai a sha."

"Kin jiƙa min littahi? Ke da ka riƙa takarda ƙahwahu sama?"

"Ni da niy yi hira da Bature tun ubanka bai san wando ba. Har ya ce haƙorana sun hi na matatai kyau."

"Waɗanne? Biyun nan da ba su ga maciji da juna?"

"Su sunka tauna maka nama kana zubar da yawu, maras kunya."

"Malaminmu na Ingilishi ya ce a yi ta magana kullum, a saurari rediyo, a bar jin kunyar kuskure. Bai ce a sha ba."

"Malamin naka rowa garai. Ya sha nashi ya ɓoye."

Ta ja shi bayan rumbu inda ta ajiye ƙwaryar. Can suka tarar ragonta ya tsinke igiya, ya lashe ƙwarya tas, yana tauna bangon littafin a natse.

"Dubi yadda shika kallona, awa ɗan duwan mai binciken kaya ga iyakar Ƙonni," in ji Tsahara. "Ya riga ya kama. Shi za mu kai ma Alhaji, kai ka zamna ka ci dusa."

Ran Fa'izu ya ɓaci. Ya nuna rago da yatsa, bai san lokacin da Ingilishi ya ɓalle masa ba. Ya zagi ragon, ya zagi tunkiyar da ta haife shi, ya yi masa alkawarin wuƙa da tukunya, babu gargada ko ɗaya. Sai da ya tsaya numfashi ya ga kawunan maƙwabta jere bisa katanga, kuma harshensa bai ƙage ba.

"Mi kac ce mashi?"

"Na ce ɓarawo na."

"Duk wanga dogon zance? Ko da Hausa ban taɓa jin ka kai haka ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kamo guntuwar igiyar ta danƙa masa.

"Na yarda, ango, ba sha a kai ba, hiddawa a kai. Tahi da shi, aro na, ka yi ta zaginai sahe da marece. In Alhaji ya miƙo maka waya, ka runtse ido ka ɗauka shi na ga layi. Amma ran da yah hwara ramawa ka maido min abina, aikin nashi na."