Rasuwar Baƙin Kaskon Inna Dudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da na rasa sunansa, ni Yasira, ɗiyar marigayi Malam Arzika masunci, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta na Wara da Yauri da duk bakin tafki rasuwar kaskon suyar mahaifiyata, Inna Dudu. Ya cika ranar kasuwa da hantsi, yana kan murhu, cike da mai.

Marigayin ya girme ni. Tare da Inna ya shigo gidanmu, kuma tun ranar bai taɓa kwana a bushe ba. Ya soya tarwaɗa da karfasa da warangi, ya tarbi masu saukowa daga kwale-kwale, bai taɓa korar mai jin yunwa ba. Muryarsa ɗaya ce, shaaa, in an jefa kifi. Sai ƙas-ƙas ɗin da yake yi shi kaɗai in wuta ta mutu. Mai kiyaye amana ne: man jiya yana nan yau, na yau yana nan gobe, a ƙara sabo a kan tsoho, har ya yi baƙi ya yi kauri. Babanmu ya fi son kifin ƙasan kasko, wanda ya jiƙu sosai, ya haɗa da burodi da lemon kwalba.

Baba ne ya riga shi tafiya. Teɓa ta fara fito masa, aka ce hutu ne. Sai ƙishi, sai yawan fitsari, sai ƙayar kifi ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Aka ce ciwon suga. Da muka dawo daga binne shi, rigarsa tana rataye a ƙusa tana ƙanshin suya. Har yau tana yi.

Bara gwiwoyin Inna suka kumbura, aka auna ta, aka sami irin na Baba. Malama Rachel, ma'aikaciyar jinya a asibiti, ta zaunar da mu ta ce ba kifin ne da laifi ba, kitsen kifi ma alheri ne ga jiki. Man da ake ta maimaita masa wuta shi ke lalacewa, kuma yana cikin abubuwan da ke hura kumburi a ɓoye cikin jiki. In kumburin ya daɗe, ga kitsen ciki, ga zaƙi, sai jiki ya daina jin kiran insulin, sinadarin da ke shigar da suga inda za a yi aiki da shi, sugan ya tsaya yana yawo a jini.

Inna ta ce, "To kaskona ne ya kashe Malam ke nan?"

Malama Rachel ta ce, "Inna, ban ce ba. Akwai gado, akwai sauran cima. Amma ki huta da wannan man."

Inna ba ta huta ba. A hanya ta ce mini, "Kaskon ga ya cishe ku, yau shi ad da laihi?"

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ya fara da ɗigo a gindi, Inna tana toshewa. Ranar da zai tafi ya yi wata ƙara, ɗas, wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, ya tsage tun daga baki har ƙasa. Man ya kwarara cikin wuta, harshenta ya tashi ya lashi rumfa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ƙone.

Marigayin ya bar cokali mai huji, da duwatsun murhu uku, da galan ɗin baƙin mai da ba wanda ya yarda ya gada. Ya bar Inna, wadda yanzu ke cin farfesu da gasasshen kifi tana ture kwano. Da yamma takan ja kujera gaban murhun da ba wuta, ta karkata kai. Shekaranjiya ta ce, "Yasira, kin jiya? Ya yi zahi." Na ce ban ji komai ba. Ta ce in kira Baba kafin kifin ya huce.

Yayana Sani ya ce a kai kaskon wurin mai walda, ko hankalinta zai dawo. Shi ya sa na rubuta wannan sanarwa. Masu walda, don Allah ku bar shi. Ya rasu.

Za a yi rakiya ranar Juma'a bayan la'asar, daga ƙofar gida zuwa bakin ruwa. Babu wanka, domin bai taɓa so ba. Kwale-kwalen Emmanuel maƙwabcinmu zai kai shi tsakiyar tafki, inda manya ke cewa tsoffin gidaje na kwance a ƙarƙashi. Masu zuwa gaisuwa, kada a kawo soyayyen abu.

Inna ta ce za ta shiga jirgin, kuma da hannunta za ta sake shi. Muna roƙon ku taya mu addu'a, in an kai wurin, Allah ya ba ta ikon buɗe hannun.