Ragon Alhaji Tanimu Mai Ƙaho Huɗu

Duk wanda ya san Alhaji Tanimu, dillalin raguna a kara, ya san ba a yi masa rufa-ido a kan dabba. Daga nesa zai hangi rago ya gaya maka ko ƙibar dusa ce ko ruwan gishiri aka ɗura masa ya kumbura. Taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma tun da ya yi aure kwanon tuwonsa na yamma da hannuna a ciki. Saboda haka wannan labari ba ji na yi ba. A gabana aka yi, har da ɗan abin da na tofa.

Kwamfuta huɗu ce a gidan Alhaji. Akwai ta matarsa Hajiya Lantana, mai sayar da atamfa da turaren wuta ta intanet. Akwai ta 'yarsa Rumasa'u mai karatun jami'a daga gida, da ta ɗansa Nazifi mai zanen gidaje. Ta huɗun ta Alhajin ce, tsaraba aka kawo masa, ba ya komai da ita sai kallon dambe. Duk huɗun nan a jikin wayar Hajiya suke tsotson intanet, kamar 'yan awaki sun taru a kan uwa guda. Ita kuwa wayar, sabis ba ya kama ta sai a bayan ɗakin kaji, shi ma sai an ɗaga hannu. Hajiya takan ɗora tukunya ta tafi farautar sabis, kafin hoton atamfa ɗaya ya wuce tuwo ya kama.

Ran nan aka kawo mana tuwo yana ƙauri kamar an ƙona taya. Alhaji ya kai loma ɗaya ya ɗaga murya, "Hajiya, wannan tuwo ne ko gawayi?"

Ta leƙo ta ƙofar zaure ta ciki ta ce, "Alhaji, Sallah ta matso, lokacin cinikina ke nan. Ko ka sa mana intanet na kirki a gidan nan, ko in kwashi kwamfutata in riƙa wuni gidan Yaya Kande, su nasu ba ya yankewa. Kuma ka sani, inda na wuni, nan nake girki."

Alhaji ya dube ni. Ni kuwa na dubi kwano.

Na ce, "Taubashi, wannan ba maganar wasa ba ce. Intanet can da sauƙi. Tuwo ake magana."

Shi ke nan ya aika aka kira masu sayarwa har mutum uku, kuma ya ce su zo lokaci guda, don shi bai taɓa sayen dabba ba tare da ya jera ta da 'yan uwanta ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, kowa ya baje kayansa. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya tura hula ƙeya, irin yadda yake yi idan an sauke sabuwar mota a kara.

Ya fara da mai faranti. Saurayin ya ce nasa daga sama yake kamowa, daga tauraron ɗan'adam, ko a tsakiyar daji ka kafa shi zai yi aiki. A kan rufi ake ɗora shi ya kalli sararin sama. Alhaji ya ɗauki farantin ya juya gaba, ya juya baya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Samari, ina kansa?"

"Ba shi da kai, ranka ya daɗe. Haka yake."

"Aibinsa fa? Kada ka ɓoye mini, ni dillali ne."

"To, idan ruwan sama ya yi ƙarfi sosai yakan ɗan ja baya."

Alhaji ya ajiye shi a hankali. "Dabba mai tsoron ruwa, ga damina a kanmu. Kuma wai a kan rufi za ta kwana. Albarka. Kai da wannan tiren shayin naka."

Sai mai kebur. Shi kuma ɗan akwati ya kawo fari, sumul, bai fi sabulun wanki biyu ba, da wata siririyar waya a naɗe. Ya ce nasa ya fi duka sauri, kuma ko kwamfuta huɗun suna aiki tare ba zai gaji ba, ba ruwansa da hadari. Sai dai za a haƙa gefen titi a jawo wayar daga babban layi har cikin gida, a ɗan yi haƙurin jira.

Alhaji ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya, ya jinjina, ya taɓe baki. "Ba nauyi. Wannan ko an yanka ba ya cika kwano." Sannan ya ce, "Me ka ce za a haƙa?"

"Rami, Alhaji. Ɗan siriri ne."

"Dabbar da ake haƙa wa rami tun kafin ta iso gida? Subhanallahi. Ɗauke min ita daga tabarma."

Na ukun shi ne mai akwatin da ake sa wa layin waya. Ya ce nasa ba haƙa, ba hawa rufi, a jona wuta kawai a fara aiki. Ƙarfinsa dai ya danganta da sabis ɗin unguwa da kuma yawan masu hawa kansa. Alhaji bai ma ji ƙarshen maganar ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wani baƙin akwati mai sanduna huɗu a tsaye a bayansa, cak, kamar an kafa su da gangan don tsokana.

Ya sunkuya ya ce a hankali, "Masha Allah. Ƙaho huɗu."

Ya ɗauka ya jinjina, ya ji nauyi. Ya kifa shi ya leƙa ramukan baya, ya ƙirga da yatsa, ya ce haƙoransa sun cika. Ya shafa gadon bayansa. Ya tambaya me yake ci, aka ce wuta da data. Ya tambaya ko yana tunkuyi, saurayin ya ce a'a.

Mai kebur dai bai haƙura ba, ya ce, "Alhaji, wallahi ba a ƙaho ƙarfin yake ba."

Na ce, "Kai yaro, ji mini rashin kunya. Mutumin da ya yi furfura a kara za ka koya wa ƙaho? Taubashi, lissafin ma a fili yake. Kwamfuta huɗu, ƙaho huɗu. Kowa ya kama nasa, ba faɗa."

Alhaji ya buga cinya. "Ɗan'asabe, yau ka yi hankali!" Ya miƙa wa mai baƙin akwatin hannu, aka tafa, aka sallama.

Da mai akwatin zai haɗa, sai ya ce a kai shi tsakiyar gida, a ɗora a wuri mai tsayi kusa da ɗakunan da kwamfutocin suke, saboda katanga tana rage masa ƙarfi. Alhaji ya dube shi kamar ya zage shi.

"A cikin gida? Ka taɓa ganin wanda ya sayi ragon kirki ya ɓoye shi a ƙuryar ɗaki? A ƙofar gida ake ɗaure shi, mai wucewa ya gani ya yi addu'a."

To, gidan Alhaji irin ginin da ne, zaure biyu da soro, katanga kuwa kauri kamar ganuwa. Amma haka aka ɗora akwatin a kan turmi a bakin zaure na waje. Alhaji ya kawo igiya ya zarge shi da ginshiƙi, ya sa masa ɗigon jan fenti a baya, alamar ragon da aka sayar.

Saura lambar sirri. Saurayin ya ce a zaɓi wadda ba mai iya cinka. Na ce, "Taubashi, kai da kake manta lambar wayarka? Sa kirarinka kawai." Kirarin Alhaji kuwa, daga kara har tasha ba wanda bai san shi ba: Tanimu ba ka sayen gurgu. Aka rubuta, ya yi murmushi har kunne.

Malam Ila tela ne ya fara zuwa ganin rago. Ya zagaya turmin, ya ce Allah ya sa albarka, Allah ya kau da idon maƙiya. Sannan ya fito da waya yana sosa ƙeya. "Alhaji, ko za a ɗan ɗanɗana mana?"

Kun san Alhaji. Mutumin da ya zo taya ka murna a ƙofar gidanka, da wane baki za ka hana shi? Ya ce, "Faɗi kirarina, ka rubuta."

Malam Ila ya ɗaga murya, "Tanimu ba ka sayen gurgu!" Waya ta kama. Ya yi kabbara.

Wannan kabbarar ce ta tara unguwa. Kafin azahar mai shayi ya ɗauko teburinsa daga bakin titi ya kafa a gindin katangar Alhaji. 'Yan acaɓa suka jera babura. Mai rake ya zo, mai gyaran takalmi ya zo, Malam Ila ya koma ya turo keken ɗinkinsa gaba ɗaya. Duk wanda ya iso sai ya yi sallama, ya ɗaga hannu, ya ce, "Tanimu ba ka sayen gurgu!" Alhaji na zaune a kan buzu yana amsa gaisuwa, hula sai ƙara komawa ƙeya take. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shan kirari irin na wunin nan ba.

A cikin gida kuwa, wani abu ne daban. Rumasa'u ta aiko cewa malaminsu ya daskare a kwamfuta da baki buɗe, ba ya gaba ba ya baya. Nazifi ya jingina tsani da katangar zaure ya hau da kwamfuta a cinya, wai a can sama yana ɗan jin ƙamshinsa. Hajiya ta tura wa wata mai saye hoton atamfa, bakin zanen kawai ya isa, matar ta bugo tana tambaya ko igiyar ɗaure zani ake sayarwa. Shi kansa Alhaji da ya kunna dambe, ɗan damben ya ɗaga hannu zai kai naushi, ya tsaya cak a haka har aka kira la'asar.

Na ce, "Taubashi, anya ragon nan lafiya?"

Ya ce, "Baƙunta ce. Sabon rago ba ya sakin jiki ranar farko." Ya taɓa akwatin ya ji ɗumi. "Ka ji ko? Gajiyar hanya." Ya ɗauki mafici yana yi masa fifita.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya bugo wa mai akwatin. Saurayin ya ce, "Alhaji, mutum nawa ne a kai yanzu?"

Alhaji ya leƙa waje, ya ga har an fara shimfiɗa tabarmi a tsallaken titi. Ya ce, "Duk wanda ya yi sallama."

"Ai shi ya sa! A canja lambar, a mayar da shi cikin gida."

Alhaji ya rufe bakin wayar da hannu ya yi ƙasa da murya. "In kori maƙwabta? Yaro, ka san wa ke ciki? Na'ibin liman ne can a kan benci yana sauraron wa'azi. Surukin ƙanena ma yanzu ya faɗi kirarin. In kwance rago a gaban jama'a in shige da shi gida, gobe da wace fuska zan shiga kara?" Ya kashe wayar.

Rana ta yi sanyi. Lokacin da hayaƙi ya saba tashi daga tsakar gida ya yi, na ɗaga kai, sama fes. Na shaƙi iska, ko ƙaurin nan da muke rainawa babu.

Can sai ga adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Lantana ta fito da mayafi, jakar kwamfuta a kafaɗa. Rumasa'u na biye da tukunya a ka, muciya a hannu. Nazifi a baya yana rungume da buhun garin tuwo.

Alhaji ya miƙe da mafici a hannu. "Hajiya, ina kuma zuwa da tukunya?"

"Gidan Yaya Kande. Ai na gaya maka."

"Haba Hajiya! Intanet kika ce, ga shi na saya. Ba ƙarami ba, dubi ƙirarsa." Ya juya ga jama'a. "Don Allah ku gaya mata, a unguwar nan akwai wanda ya taɓa ɗaure irinsa?"

Ba wanda ya ɗago daga waya, amma suka amsa baki ɗaya, "Babu, Alhaji!"

Na matsa na ce, "Matarmu, a yi haƙuri, a dubi marayu."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa ƙafa ɗaya a cikin adaidaita. Nan fa murya ta sauka, Alhaji ya ce, "To yanzu fisabilillahi, mu me za mu ci?"

Hajiya ta waiwayo. Ta dubi turmin, ta dubi igiyar, ta dubi jan fentin.

"Rago a ɗaure a ƙofar gida kana tambayar abinci, Alhaji? Ka yanka mana. Naman dai maƙwabta sun riga sun cinye, amma ƙaho huɗun nan duk naka ne."