Gwamma da Ma'aunin Ɓera

A wani daji da ke gefen fadama, an yi wata macen gadu mai suna Gwamma wadda 'ya'yanta ba sa zama. Za ta haife su ɓul-ɓul, su kama nono da kyau, su fara tonon saiwa, sai kuma ta ga suna ci suna ramewa. Ciki ya kumbura, ƙafafu su sirance, kashinsu ya fito da maiƙo, kamar abincin wucewa kawai ya yi. Da ta haifi ta ƙarshe sai ta raɗa mata Ayashe, ko mutuwa za ta raina ta ta wuce. Ba a yi nisa ba Ayashe ma ta soma ramewa.

Ungulu ce ta gaya mata abin da ke faruwa. Ita ce mai duba gawa a Majalisar Lafiyar Daji, ita kuma ta buɗe cikin yayyen Ayashe. Ta ce kowace dabba tana da wata tsoka mai kama da kitse lafe a bayan tumbi, da siririyar magudana da ke tsiyayar da ruwa mai kanwa cikin hanji. Ruwan ne ke kashe tsamin da ke saukowa daga tumbi, abinci ya narke ya shiga jiki. A cikin 'ya'yan Gwamma kuwa ruwan ya yi kauri kamar ƙaro, ya toshe magudanar. Ta ba ta shawara ta kai kukanta majalisa.

Gwamma ta tarar da majalisa tana rigima a kan wannan ruwan tun farkon damina. Zaki ya ce nasa ba ya zuba sai ya ci nama, amma in ya zo kanwarsa ta fi ta kowa ƙarfi, don haka shi ne lafiyayye. Jakin dawa ya ce nasa wuni yake yana tsiyaya, mai yawa, tsararo, kuma duk dabbar da magudanarta ke tsayawa tsakanin ci da ci majinyaciya ce. Kowa gaskiya ya faɗa game da cikinsa, kowa kuma yana so a auna sauran da shi.

Gauraka, shugaban majalisa, ya gyara tukkunsa ya ce, "'Yan majalisa, in muka ɗauki cikin Zaki, mun ɓata wa masu cin ciyawa. In muka ɗauki na Jakin dawa, masu cin nama za su fice. To, ga Ɓera. Ba mai jin haushinsa, danginsa suna da yawa, duba cikinsa kuma ba ya cin lokaci. Daga yau cikin Ɓera shi ne ma'aunin cikin kowa a daji." Duk aka yi na'am, domin kowa ya ji daɗi abokin rigimarsa bai ci ba.

Sannan aka ba Gwamma dama. Ta durƙusa a gwiwoyin gaba, na kusa da ita suna matsawa saboda taɓon jikinta, ta zayyana yadda 'ya'yanta suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa a duba mata wadda ta rage. Gauraka ya jajanta mata ƙwarai. Ya ba da umarni a nemo ɓerayen da aka haifa da irin wannan cuta a duba su.

Neman ya kai har kaka. Ayashe ta daina bin uwarta kiwo, sai dai ta kwanta a bakin rami tana jiran a kawo mata. Daga baya aka samo ɓerayen. Sun ɗan tsumbure, amma magudanarsu a buɗe take, domin ruwan ɓera dama kanwarsa kaɗan ce, kuma jikinsa yana da wata hanyar tsarara shi wadda gadu ba shi da ita. Majalisa ta yanke cewa cutar akwai ta, amma ba ta kisa. Aka shawarci uwar ta ƙara wa 'yarta abinci.

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ba ɓera ba ce."

Gauraka ya amsa cewa majalisa ta san haka, kuma ba ta ɗora mata laifi a kai ba.

Gwamma ta waiwaya ta dubi Ungulu, ta ga tana gyaran fiffike. Bayan an watse ta tare ta a gindin kuka ta ce, "Yaya, ke fa kika gani da idonki."

Ungulu ta ce, "Na gani, ƙanwata. Amma in na buɗe baki, rigimar Zaki da Jakin dawa za ta dawo, kuma ni za a ce na tayar. Ki yi haƙuri."

Gwamma ta koma ta yi abin da aka ce. Ta tono saiwa har hancinta ya tsage, ta je har inda namun daji ke lasar kanwa ta guntso ta ɗura wa Ayashe. Ayashe tana ci, tana kallon uwarta, tana ƙara sirancewa. Wata rana da hantsi Gwamma ta dawo da rogon daji a baki, ta zunguri Ayashe da hanci, ba ta motsa ba.

Da Ungulu ta sauko duba gawa, Gwamma ta kwanta ta toshe bakin ramin da jikinta. Sai da Ungulu ta gaji ta tashi, sannan Gwamma ta tura ƙasa ta rufe ramin, ta bar fadamar. Gawar da ba a duba ba kuwa, majalisa ba ta san da ita ba.

A zaman rufe shekara Gauraka ya sanar cewa bana cutar magudana ba ta kashe kowa a dajin ba. Aka ce Ɓera ya miƙe kowa ya gan shi, kuma lalle ya yi ƙiba.