Yadda Za Ka Wanke Kayan Barcin Matarka Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

In kai namiji ne da ya haura sittin da biyar, matarka tana asibiti an yi mata aikin ƙugu, kuma ka riga ka bugi ƙirji a gaban 'yarka ka ce wanki ai ba aiki ba ne, to ka zo inda ya dace. Ni Shigeo Kuramochi, shekara talatin da huɗu ina gyaran birkin jirgin ƙasa, na yi maka alkawari in ka bi matakan nan kayan za su fito daga inji. Kamannin da za su fito da shi, za mu zo kansa.

Ka fara sanin abin da ke gabanka. 'Yar taka, a ce sunanta Natsumi kamar tawa, ta tsaya bakin gadon uwarta ta ce, "Baba, zan dawo ranar Alhamis. In na ga gidan nan ya fi ƙarfinka, ku biyun za ku tattara ku koma wurina a Saitama, hawa na tara." Matarka, a ce Tokie, ta juya fuska bango, don ba ta son rabuwa da gidanta da lambun da ta yi shekara talatin tana renonsa. Sannan aka miƙo maka jaka: fararen kayan barci, tawul uku, safa.

Mataki na 1: Nemo injin

Shi ne farin akwatin nan na ƙofar ɗakin wanka, wanda kake ɗora agogonka a kai kullum. Murfinsa a sama yake. Ɗaga shi. Za ka ga wata takarda manne a cikin murfin, kada ka kula ta. Tabaraunka yana falo, kuma wanda ya tsayar da jirgin ƙasa ba ya tashi neman tabarau saboda tukunyar wanki.

Mataki na 2: Zuba komai a tashi ɗaya

Kada ka laluba aljihu, aljihu sirrin mai shi ne. Tunda akwai sauran wuri, ƙara wandonka, ka danna kakkaurar tabarmar goge ƙafa a gefe guda. Garin sabulu kuwa, ka auna da ido.

Mataki na 3: Ja ruwan baho

A ƙasarmu kowa ya san ba a zubar da ruwan bahon wanka. Wanda aka jiƙa jiki a ciki jiya, da shi ake wankin safe. Uwata da bokiti take ɗiba, Tokie kuma da tiyon da ke rataye a gefen inji. Saka kan tiyon cikin baho.

Akwai wani ɗan zance da bai kai ya kawo ba. Jiya, da yake babu mai tsawata maka, ka buɗe garin ƙamshin wanka da matarka ta ɓoye a saman kabad tun zuwanku maɓulɓular ruwan zafi, ka zazzaga ƙunshi uku, ruwan ya koma kore shar kamar shayin ganye. Ba komai, ruwa ruwa ne. Injin zai kunna 'yan fitilu yana tambaya ko ruwan bahon na wanki ne kawai, ko har da ɗauraya. Yi ta danna maɓallin sai duk fitilun sun kama. Wannan shi ake kira tattali.

Mataki na 4: In ya fara rawa

Daidai lokacin matsa, injin zai soma dukan bango, ya tako kamar taku biyu zuwa ƙofa. Rungume shi. In ya ƙi, hau kan murfin ka zauna. Zai tsaya, ya yi ƙara sau biyar, minti takwas da suka rage su koma ashirin da ɗaya, sannan ya sake zuƙo koren ruwa don ya gyara zaman kayan da kansa. Sau uku nawa ya yi haka. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa shugabana a wurin aiki ba, ko da yake shugaban ya fi injin cancanta.

Mataki na 5: Shanya, da maƙwabciya

Kayan za su fito kore, kuma sun yi furfura, saboda takardar share hanci da ke aljihun wandonka ta narke ta bi ko'ina. Zura su a sandar shanya ta baranda da sauri. Duk saurinka Hasebe-san, gwauruwar da ke gidan kusa, za ta leƙo ta kan shinge.

"Kuramochi-san, ina kwana? Dusar ƙanƙara aka yi a gidanku ku kaɗai?"

"Sabon sabulu ne."

"Allah sarki. Da ruwan baho ka ɗauraye ko? Marigayi mijina ma ya taɓa yi min haka, sai da na kwana biyu ban dafa masa kifi ba. Miƙo su in sake wankewa, ba wanda zai ji."

Sunkuyar da kai ka ce, "Na gode ƙwarai, komai yana tafiya yadda na tsara." An ce mai tambaya ba ya ɓata, amma wanda ya yi karin maganar bai san Hasebe-san ba. Kafin shanyar ta bushe unguwa ta ji.

Mataki na 6: Tsince furfurar da tef mai gam

Awa biyu ne. Koren ba ya tsintuwa.

Mataki na 7: Kai kayan asibiti da ƙarfin hali

Ranar Alhamis, Natsumi za ta karɓi jakar ta buɗe. Ƙamshin itacen daji zai cika ɗakin, har tsohuwar gadon kusa ta tambaya ko an buɗe taga. Natsumi ta ɗaga rigar da yatsa biyu.

"Baba, farare na ba ka."

A nan ba ni da shawara. Tokie ce ta miƙa hannu ta karɓa, ta kai hanci.

"Ni na sa shi," in ji ta. "Warin maganin nan ya ishe ni. Taya ni in saka."

Natsumi ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ce za ta je ta sayo shayi. Tana fita Tokie ta rage murya.

"Baban Natsumi, ƙunshi nawa ka zuba?"

"Uku."

"Na cikarmu shekara arba'in da aure ne na ajiye." Ta gyara wuyan rigar. "In ka koma, sa tabarau ka karanta cikin murfin."

Mataki na 8: Sa tabarau

Rubutun hannunta ne, gam ɗin ya yi ja don tsufa. Duba aljihu. Ruwan baho na wanki ne kawai, ɗauraya da na famfo. In ya yi rawa, buɗe ka baza kayan, kada ka zage shi. Wanke ragar tace datti da ke gefen ciki. A ƙasa akwai kwanan wata: shekara shida da suka wuce, cikin kwana goman da muka yi muna jiran sakamakon wani kumburi da likita ya gani a ƙirjinta. Ni a kwanakin nan jarida nake ta karantawa, ina ce mata ba komai ba ne. Layin ƙarshe ya ce: "Na san ba za ka tambayi kowa ba, shi ya sa na rubuta. In ka iya wannan, sai a bar ka a gidanka."

Na zauna a ƙasa kusa da injin. Kunya ta kama ni, tsoron da na ƙi ji shekara shida ya zo ya same ni a nan. Da na tashi, na wanke ragar.

Gargaɗi

Ba ruwana da duk rigar da ta canja launi, ko bangon da ya tsage, ko sunan da ya zaga unguwa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Matakai na ɗaya zuwa na shida nawa ne, kada ka bi ko ɗaya. Na gaskiyar suna cikin murfin injin gidanka, ko a bakin wadda ta daɗe tana ɗaga shi, ka tambaye ta tun tana kusa. Natsumi ba ta sake ta da zancen Saitama ba. Ranar Asabar za a sallamo Tokie, gida za ta dawo, cikin korayen kayan da ta hana a sayi wasu.