Cek Ɗin da Ruwa Ba Ya Taɓawa

Duk Wudil, daga bakin gada har Sabon Gari, ba a yi masanin harkar banki kamar Alhaji Ya'u Manaja ba. Manajancin ya samo shi ne a wani banki a Kano, inda ya yi wata huɗu yana kai wa ainihin manajan shayi. Ilimin da ya kwaso a wata huɗun nan shi yake rabawa kyauta shekara talatin, kuma bai ƙare ba.

Shi ne shugaban ƙungiyar unguwa. Sakatarensa Mudassir, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, shi ke riƙe masa jaka.

Injin rijiyar burtsatsen unguwa ya ƙone, mata na sayen ruwa a jarka. Da Injiniya Ƙasimu, ɗan unguwar da ke aiki a Fatakwal, ya zo hutun salla, sai ya rubuta wa ƙungiya cek na sabon inji. Mudassir ya ce a kai banki gobe.

"Kai yaro," in ji Alhaji, "talaka ne ke rugawa kantar banki ya karɓi kuɗi. Mu manya miƙa cek muke yi, banki ya miƙe tsaye. Kuɗi sun riga sun zo. Ga su nan a aljihuna."

"Baba Alhaji, miƙawa daban, biya daban. Sai sun duba sun yarda."

"A digirin naka aka koya maka tsoro?"

Cek ya fara zaga gari. Ya je ɗaurin aure, ya je suna a Darki, ya je kasuwar Juma'a inda dillalan shanu suka shafa shi don albarka. Aka ɗauke shi hoto da Alhaji ta dama da ta hagu. Mudassir na biye, yana ƙirga kwanaki, don ya san cek na tsufa. A hanya mata kan tare shi, shi mai biro, su ce, "Sakatare, ina ruwanmu?"

Ran nan zufa ta jiƙa gefen cek ɗin. Nan Alhaji ya nuna hangen nesansa. Bai gaya wa kowa ba ya wuce shagon masu kwamfuta na kusa da jami'a, aka manne cek cikin roba da zafi, kamar takardar haihuwa.

Ranar miƙawa ya sa babbar riga, ya ɗebi dattawa uku zuwa banki. Mudassir bai ga abin ba sai da Alhaji ya zaro shi yana ƙyalli.

Kashiya Safara'u ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni. A zamaninmu ana mutunta takarda."

"To ina zan buga hatimi? Ta yaya zan duba sa hannu? Wannan ba ya biyuwa. Sai dai mai shi ya rubuta wani."

Alhaji ya nemi ganin manaja, a matsayin abokin aiki. Manaja ya fito, ya duba, ya koma ciki da sauri, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Yanzu kullum Mudassir na kiran Injiniya, ana ce masa yana kan teku sai bayan wata biyu. Cek kuwa yana rataye a zaure, Alhaji na nuna wa baƙi.

"Ku duba da kyau. Ko ɗigon ruwa ba zai taɓa shi ba."

Gaskiya ya faɗa. Har yau ruwa bai taɓa shi ba, bai kuma taɓa unguwar ba.