Rasuwar Lamba Biyar, Mai Rufa Mini Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da hayaƙin itace, ni Yakura, malama a lakwal ɗin firamare a nan Gure, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyata, Lamba Biyar, wadda ta riga mu gidan maƙeri ranar Talata gab da magariba, bayan shekara goma sha ɗaya a kan murhu.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Nakan taso daga aiki da alli har gwiwar hannu, yara uku na rataye da zanina suna kukan yunwa, in ɗora ta ko bismilla ban ƙarasa ba. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, iyakarta ɓal-ɓal-ɓal in tuwo ya nuna, sai murfi ya amsa mata da ƙwar-ƙwar.

Amma babban alherinta, yau zan faɗe shi tunda ta tafi. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar laifin da ba nata ba. In tuwo ya kama, tukunya ce gindinta ya cinye. In shinkafa ta caɓe, tukunya ce. Ranar da na zuba gishiri sau biyu ina gyaran kayen yara, wato littattafan rubutun 'yan ajina, ita na ɗora wa, kuma maigidana Baban Biba ya gyaɗa kai ya yarda, don shi ko hanyar madafa bai sani ba. Surukata Hajiya kaɗai ce ke kallon tukunyar, ta kalle ni, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Ta yi doguwar jinya. Sau uku ana liƙe mata gindi, hannu ɗaya ya karye tun sunan ɗana Tahiru. Ranar Talata ina dafa makaroni ta ɓule, ta saki ruwanta a kan garwashi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tsuuu. Garin rogo da sukari yara suka sha.

Ta rasu ta bar murfi ɗaya, wanda asali ma na maƙwabta ne, da muciya, da ludayi, da duwatsun murhu uku. Ta bar Ibram da Biba da Tahiru, marayun ƙanzo, waɗanda suka tashi suna zaton ɗanɗanon ƙauri shi ne ɗanɗanon abinci. Ta bar kuma maƙwabtan da suka sha aronta suna maido ta ba wanki. Mun ga hawayenku, mun gode.

Za a ɗauki gawa ranar kasuwa da hantsi zuwa rumfar Malam Aisami mai zubin tukwane, inda za a narka ta. Ana karɓar gaisuwa a gida, amma kowa ya ci abincinsa kafin ya zo.

Hajiya ta riga kowa ta'aziyya. Ta zo da sabuwar tukunya mai kaurin gindi, ta ce ita da kanta ta ƙwanƙwasa ta zaɓa, wannan ba ta kamu, kuma ranar addu'ar uku za ta zo cin tuwon fari tare da jikokinta. Wallahi tsoro nake ji. Duk wanda ya ji ƙauri daga gidanmu a maraicen ranar, ya yi wa mamaciya addu'a, ya ƙara da tawa, don a gidan babu sauran wanda zan nuna da muciya.