Barandar Kantin Wilbi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Sabuwar Duniya Mol, mai hangen nesa, wanda ba mu taɓa gani ba.

Bayan gaisuwa irin ta ƙasa da sama, ni ce Kubra, tela a Nasarawa Gwom, 'yar Malam Sharafaddeen da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sayar da takalma a Kantin Wilbi, wanda kuka saya kuka kewaye da kwanon rufi don ku gina mol, wato katafaren kantin zamani.

Ranka ya daɗe, kantin nan ya mutu tun ina goye, ba mu kuma yi masa kuka ba. Ya yi sito, ya yi gidan kallon ƙwallo, ya yi masaukin jemagu. Barandarsa ce kawai ba ta mutu ba. Tun da rikicin Jos ya raba unguwanni, Baba Natana'el, abokin aikin mahaifina na sashen firiji, ya koma can, mu muka tsaya nan. Wannan ba ya shiga unguwar wancan. Barandar ce a tsakiya, nan suke haɗuwa kowace safiya su yi gardama kan wanda manaja ya fi tsana a cikinsu.

Ga 'yan koke-kokena:

Na ɗaya, muna godiya da harsashin da aka aza har sau uku, kowanne da makaɗa. Yana nan lafiya, masara ma ta yi kyau a kansa bana.

Na biyu, mun ga matakala mai tafiya da kanta a hoton mol ɗin da kuka kafa a wurin. Da wace wutar za ta yi tafiyar? Ina tambaya ne don keken ɗinkina ma yana sha'awa.

Na uku, maigadinku da karensa sun kori tsofaffin nan biyu, wai suna hana ci gaba. Na leƙa ta ɓular kwano ban ga ci gaban ba, amma ƙila kunya gare shi.

Tun ranar, mahaifina yakan yi wanka, ya sa hula, ya goge takalmi, sannan ya zauna a ƙofar gida har azahar. Abinci sai na yi da gaske. Baba Natana'el kuwa, 'yarsa Dina ta ce min ƙafa ta fara gagararsa. Wallahi ina tsoron ɗaya ya tafi ba su gama gardamar ba.

Ba mol muke roƙo ba, ku gina shi a tsanake, jikokinmu na jira. Amma a hoton naku, gefen maɓuɓɓugar ruwa, akwai benci, da wasu tsofaffin Turawa biyu a kai suna dariya. Shekarunsu da yawa a zaune, rana har ta koɗar da su. In sun gama hutawa, a taimaka a ara mana bencin.

Taku mai biyayya har ranar buɗe mol,
Kubra Sharafaddeen,
Nasarawa Gwom, Jos.